Wankan Shafa'atu

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Ogui, a nan Inugu, ko da na wata guda ne, ya ji wannan maganar. Tela ya ɗinka riga ya bar hannu ɗaya bai haɗa ba, sai a ce ya yi wankan Shafa'atu. Magini ya kai gini wuyan taga ya tsere Fatakwal, shi ma wankan Shafa'atu. Wato aikin da aka fara, ragwanci ya hana a kai shi ƙarshe. Masu faɗa yanzu yawancinsu ba su san mai sunan ba. Ni na san ta. 'Yar ƙanena ce, ni na yanke mata cibi, ni na raine ta, kuma ni ce Kande ungozoma da ta yi mata wankan da ake magana a kai. Maganar ƙarya ce, sunan baiwar Allah aka ɓata a banza, kuma da na buɗe baki a ranar da ya kamata, da ko kwana ɗaya ba ta yi a unguwar ba.

An haifi Shafa'atu a nan Ogui, shekara goma sha biyar kafin gudun da Hausawa muka yi gab da yaƙin basasa. Ubanta Ɗanjuma gurjiya yake kawowa daga arewa, yana sayar wa matan Ibo a kasuwar Ogbete, su kuma su niƙa su yi okpa, wani abu mai kama da alale da ake ƙullawa a ganyen ayaba. Uwarta ta rasu tana da shekara uku, sai ta dawo hannuna, ni da Allah bai ba ni nawa ba. A gindin buhunan ubanta ta girma. Shi Ɗanjuma ya shekara ashirin a garin nan, amma in ban da gaisuwa ba abin da ya iya da Ibanci, don haka tun tana 'yar mitsitsiya ita ce tafintarsa. In mata suka zage shi kan tsakuwa a cikin gurjiya, sai ta juyo ta ce, "Baba, sun ce a ɗan ƙara gyarawa." In shi ya zage su, sai ta gaya musu wata magana su tafi suna dariya. Hausarta kuwa, ina tsokanarta, har ta koma ga Allah akwai ƙanshin manja a ciki.

Shekarar gudu muka bar komai muka cushe a jirgin ƙasa, ba zan tsaya ba da labarin wannan ba. Muka sauka ƙauyen iyayenmu, can gindin duwatsu, muka yi shekara huɗu. A can Ɗanjuma ya rasu. A can Shafa'atu ta ga Ma'aruf, direban babbar mota, ta ce shi take so, aka ɗaura. A can kuma maƙoƙo ya fito mata. Ba wanda ya damu, don matan garin da dama suna da shi, har akwai masu ganin ado ne.

Da yaƙi ya ƙare muka dawo a bayan motar Ma'aruf, a kan buhunan gurjiya da albasa. Mun tarar da rufin ɗakinmu duk huji, amma mai gidan da muke haya ya ajiye mana turminmu da tukunya biyu, Allah ya saka masa. Gari na fama da yunwa. Shafa'atu ta ɗaura zani ta kafa tukunyar okpa a tsakar gida, kuma a sanina ita ce Bahausa ɗaya tak da matan Ibo ke sallama su shigo har cikin gida su sayi okpa a hannunta. Tun asuba take tsaye a kan tururi har hantsi, tana hira da su tana ƙyaƙyata dariya. Ina so a riƙe wannan: yarinyar nan ba ta taɓa tsoron wuta ba.

Maƙoƙon ne ya yi ta girma. A ƙauye ba mai kallo, a Inugu kowa sai ya waiwayo. Ta koma naɗe wuya da gyale ko ana tsananin zafi, daga baya in ta kwanta rigingine sai numfashi ya riƙa yi mata wuya. Shekarar da aka fito da naira, harkar mota ta buɗe wa Ma'aruf, sai ya ce a kai ta asibiti a cire. Na ce ban yarda ba, wuya ba wurin wasa da wuƙa ba ne. Ba su ji tawa ba, kuma gara da ba su ji ba. Aka yi aiki lafiya lau. Tabo ɗan siriri ya rage, ta sayi murjani ta ɗaura daidai kansa. Ranar da ta fara fita ba gyale a wuya, ni kaina sai da na tsaya ina kallonta.

Wajen wata takwas bayan aikin ta fara canzawa. Wadda ke wuni a kan tururi sai ga ta tana buɗe tukunya tana ja da baya, zufa na zuba kamar an watsa mata ruwa. Ta ci tuwo malmala uku ta tashi tana neman ƙari, amma kullum zani na ƙara zagaye ta. Abu kaɗan ta hasala, ita da ba a san ta da faɗa ba. Ma'aruf ya sayo mata fanka mai tsayawa daga Fatakwal, ta riƙa zama gabanta tana lumshe ido. Ni kuwa na gama yanke hukunci: daɗi ne ya yi mata yawa. An cire maƙoƙo, miji ya samu, ga fanka, shi ne take jin ta fi ƙarfin murhu. Haka na gaya wa maƙwabciyarmu Zuliha mai koko, ita kuwa Zuliha bakinta ba ya ajiya.

Sai ga ciki, bayan shekara biyar ana jira. Da cikin ya yi ƙwari duk abubuwan nan suka lafa, ta yi ƙiba, ta koma fara'arta. Na ce to ashe haihuwa ce jikin ke nema. Farkon damina, shekarar ƙarin albashin Udoji, ta haifi 'ya mace a hannuna, aka sa mata Ramatu.

A nan sai na faɗi ko ni wace ce a lokacin. Daga Ogui zuwa Asata har Garki wajen 'yan shanu, ba Bahausar da za ta haihu ba a aiko mini ba. Abin da aka san ni da shi guda ne: ruwana ba a sirkawa. Mun gada daga iyaye cewa mai jego jikinta a buɗe yake, in sanyi ya shige ta sai ta kumbura, ko ta mutu, ko ta ƙare rayuwa da ciwo. Maganinsa wuta, kwana arba'in, safe da yamma. In a arewa haka ne, ina ga ƙasar da ake ruwa wata bakwai, bango ma yana tsatsafa? Don haka na tsananta fiye da yadda na gada. A gida da itace ake tafasa ruwa, ni da kwal nake yi, wanda ake haƙowa a nan Inugu, wutarsa kuma ta fi ta itace nesa ba kusa ba. A rabin ganga nake dafawa, in tsoma damin ganyen darbejiya in fyaɗa wa mace har sai fatarta ta yi ja. A gida gadon ƙasa ake hura wa wuta, nan gadon ƙarfe ne, sai in tura kaskon garwashi ƙarƙashi in rufe taga. Ga kunun kanwa da zafinsa, ga yaji, ga ƙauri. Mata suna kuka a hannuna, iyayensu suna sa mini albarka, ni kuma ina jin daɗin duka biyun.

To ga 'yata ta kaina ta haihu. Na ce wannan karon za a ga aiki. Abin da na fara yi, na ɗauke fankar nan na kai ɗakina don kada ta kunna. Tunda na ce zan faɗi gaskiya, ni na riƙa kunnawa.

Makon farko ta daure. Bayan suna hannunta ya fara rawa. Na miƙa mata kofin kunu, kafin ya kai baki rabi ya zube a zani. Ni a duk abin da na sani, mutum ba ya karkarwa sai in sanyi yake ji. Na ƙara kwal a kasko.

"Gwaggo," ta ce, "wallahi ba sanyi nake ji ba. Wuta ce a cikina. Taɓa ƙirjina ki ji."

Na taɓa. Zuciyar na bugawa kamar ana sakwara a gida biyu.

"Sanyin ne ya kai ƙirji," na ce. "Ke da kika haihu jiya za ki koya mini jego? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"A ɗan sirka mini ko da kwano ɗaya, don Allah."

"A gidan wa? Ni Kande in sirka wa 'yata ruwa, a ji a gari?"

Ta ɗago ta dube ni. Idanun sun buɗe fiye da yadda na san su, fari ya bayyana sama da ƙasa, ba ƙiftawa. Raina ya ɓaci. Yarinyar da na goya, yau ita ce ke tsare ni da ido?

"Ni kike zare wa ido, Shafa? To zare da kyau. Tashi mu je."

Ta ce ba zarewa take ba, haka suke yi mata kwana biyu, har yaji suke. Ban saurare ta ba.

Rana ta ashirin, da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na gama haɗa ruwan wanka na shiga kiran ta, ba ta ɗaki, jaririya na kwance ita kaɗai. Na leƙa bayan gida. Ga Shafa'atu zaune a ƙasa ƙarƙashin indararo, daga ita sai ɗaurin ƙirji, ruwan sama na kwarara a tsakiyar kanta, ta ɗaga fuska tana sauke ajiyar zuciya. Tunda nake ban taɓa ganin mai jego a ruwan sama ba. Kuma ba ni kaɗai na gani ba, Zuliha na tsaye a ƙofarta riƙe da haɓa. Kunya ta kama ni, ba don halin da yarinyar ke ciki ba, sai don an ga 'yar Kande ta gudu daga wankan Kande. Na fizgo ta, na yi mata wankan da ya fi na kullum zafi. Bayan kwana biyu ƙafafunta suka kumbura, na nuna wa Zuliha na ce, "Kin gani ko? Ga abin da indararo ya jawo."

Ma'aruf ya dawo daga Fatakwal a makon, yana ta jigilar siminti. Ta riƙe masa riga ta ce ya kai ta asibiti. Ya zo ya durƙusa a ƙofata, ya ce, "Gwaggo, ya kike gani?" Na ce masa sha'anin mata ne, ya je ya ji da motarsa. Mutumin kirki ne mai kunya, ya tashi ya tafi.

Rana ta ashirin da bakwai, a fyaɗa ta uku, ta sulale daga kan kujera ta faɗi. Tabon wuyanta na harbawa ina gani da idona. Ihun da na yi ne ya fito da Nkiru, 'yar mai gidanmu, wadda ke aikin nas, ta dawo daga aiki ke nan ko farin kayan ba ta cire ba. Ta kama hannun Shafa'atu ta duba agogo, ta dubi gangar da ke tururi, ta dube ni. Ta sheƙa mata bokitin ruwan sanyi a gabana, ta fita da gudu ta tsayar da tasi.

Kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba. A rana ta biyar likita ya zo zagaye ina zaune a gefen gadon, wani ɗan Ibo mai sanƙo. Ya ce a gaya wa Mama abin da ke faruwa, Shafa'atu ta ce ita za ta fassara. Yana faɗa da Ibanci yana haɗawa da Turancin kasuwa, tana mayar mini da Hausa a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce a wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da ke hura wutar jiki. Ita ce ta kumbura ta zama maƙoƙo, da aka yi aiki aka yanke mafi yawanta aka bar saura. To jinin mutum yana da masu tsaron da ke kare shi daga cuta. Nata sai suka juya kan sauran tsokar nan suna tsikararta, ita kuma ta riƙa hura wuta ba tsayawa. Ya ce ba kowa ke samun haka bayan aiki ba, jefi-jefi ne, kuma ba wanda ya yi kuskure da wuƙa. Shi ne zufar, shi ne cin da ba ƙiba, shi ne rawar hannu da fitowar ido. Ciki ya kwantar da ciwon, haihuwa ta tashe shi.

Sai ya tambayi wa ke mata wanka. Nkiru ta riga ta gaya masa komai. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Mama, this hot water nearly kill am." Wato ruwan zafin nan ya kusa kashe ta. Ya ƙara da cewa mai irin wannan ciwo zafi ne babban abokin gabarta, zuciyarta ta wahala, ba lalle ta koma kamar da ba.

Shafa'atu ta ce, "Gwaggo, ya ce kin yi ƙoƙari. Ya ce a dakata da wankan tukuna."

Na shekara talatin ina cinikin cefane a Ogbete. Na ji abin da ya ce sarai, kalma bayan kalma. Ita ma ta san na ji. Abin da take yi wa ubanta a gindin buhu shi ta yi mini, ni kuma na karɓa. Na gyara mayafi na ce, "To, a ce masa na gode." Duk abin da na yi kafin wannan rana zan iya cewa rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Daga wannan rana kuwa da sanina na yi.

Bayan wata guda aka sallamo ta da ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum. An hana ta ba da nono saboda maganin, Ramatu ta koma madarar gwangwani. Mata suka cika gida 'yan sannu. Ta rame, idanun sun fito, kowa ya kalla sai ya kau da kai. Zuliha ce ta yi tambayar, a tsakar gida, a gaban kowa.

"Yaya Kande, wai me likita ya ce?"

"Wai ciwon wuyan ne ya taso ta wata hanya."

"Wane wuya? Wuyan da aka cire? Ba ita ce ta zauna ƙarƙashin indararo ba, ina kallo? Sanyi ne ya rasa hanya ya fito ta ido. Arba'in ɗin ma ba ta cika ba. Haihuwar kurmi ke nan, ba sa jin magana."

Duk suka juyo suna jiran ta bakina. Shafa'atu na ɗaki, labule kawai ke tsakaninmu. Na ce, "Allah dai ya kyauta."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ya isa. Kafin sati ya zagayo labari ya kai Asata. Kafin shekara ya zama karin magana.

Me ya hana ni? Tsoro. Wa zai sake ba ni 'yarsa in aka ji na kusa dafa tawa? Ba ni da miji a lokacin, ba ni da ɗa, abin da nake da shi a garin nan sunan nan ne na ungozomar da ruwanta ba a sirkawa. Abin takaici, labarin ma ƙara mini kasuwa ya yi, don duk yarinyar da ta yi gardamar wanka sai a ce ta je ta ga Shafa'atu. Ni kuma tun daga lokacin, kafin mata su shigo, sai in faki ido in tuttula bokitin ruwan sanyi a ganga, in rage garwashin kasko, in bar taga a ɗan buɗe in ce hayaƙi ne. Na gyara aikina a ɓoye, na bar ta da sunan.

Shekara shida ta yi bayan haka. Tukunyar okpa ba ta sake hawa wuta ba, don ko hawa matakala biyu ta yi sai ta tsaya ta huta. Ta koma tsince gurjiya tana kai niƙa, tana sayar wa tsofaffin abokan cinikinta gari. Su kam ba su daina zuwa ba, suna zama suna hira da ita da yarensu. Idanun ba su koma ba. Kullum suna hawaye, in za ta yi barci sai ta ɗora tsumma mai laima don ba sa rufuwa duka. Ma'aruf ya kawo mata baƙin gilashi, aka ce yanga ce. Ba ta sake haihuwa ba, aka ce ai ga dalili. Duk ranar Juma'a sai ta aiko mini da tuwo, kuma ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar asibiti ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Sau ɗaya ta roƙe ni abu. A gidan Zuliha ne, 'yarta ta haihu, ni ke wanka. Yarinyar ta ga tururi ta fara kuka, uwar ta daka mata tsawa: "Ki tsaya ko ki yi wankan Shafa'atu! Ga ta nan zaune, dube ta da kyau!" Shafa'atu ta zo barka ne, tana zaune a tabarma, Ramatu 'yar shekara shida na jingine da ita. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce haba Zuliha. Shafa'atu ta cire gilashi ta dube ni. Ni kuwa na sunkuya ina gyara wutar da ba ta bukatar gyara.

A hanyar gida muna tafe a hankali saboda numfashinta, ta ce, "Gwaggo, ni na saba. Ramatu ce ta fara tambaya. Jiya a makarantar allo an ce mata uwarta raguwa ce."

Na ce, "Zan yi magana, 'yar nan."

"To, Gwaggo."

Na ce bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce na ce bari a yi babbar salla, lokacin mata na taruwa. Saura kwana tara babbar salla, da hantsi, tana tsince gurjiya a faranti, zuciyar ta tsaya.

A unguwarmu ungozoma ce ke wanke mata in sun rasu. Muka shiga mu uku, ni da Zuliha da matar liman. Na shafa idanun su rufu, suka ƙi. Na sake, suka tsaya rabi a buɗe. Zuliha ta kawo ruwa a bokiti, na tsoma hannu na ji da ɗan zafi, na ce a sirka. Ta ƙara kwano ɗaya, na ce a ƙara. Ta ce, "Yau kuma Yaya Kande ce da sirki?" A nan abin ya ɓalle mini. Na gaya musu duka, da abin da likita ya ce, da abin da Shafa'atu ta fassara, da bokitin da nake tuttulawa a ɓoye shekara shida. Da aka fita da ita na tsaya a tsakar gida, mata sun fi hamsin, na sake faɗa da ƙarfi. Na ce ba sanyi ba ne, ciwo ne a wuyanta, ruwan sama da ta zauna a ciki shi ne daidai, ni ce na kusa kashe ta.

Matar liman ta kama ni ta zaunar. Zuliha na kuka tana shafa mini baya, tana cewa, "Ku ƙyale ta, zafin mutuwa ne. Yaya Kande, kin yi iya ƙoƙarinki, kowa shaida ne. Ji yadda take ɗaukar laifin 'yarta tana ɗora wa kanta, Allah sarki." Duk suka ce Allah sarki. Aka kawo mini ruwa na sha. Na sake faɗa ranar uku, na faɗa ranar arba'in, na bi gida-gida. Ba wanda ya ƙaryata ni, ba kuma wanda ya yarda, sai ma yabon da aka ƙara mini na uwa mai rufa asiri. Ihu bayan hari na yi, kuma na sani.

Ramatu ta girma a hannun dangin ubanta, ta yi aure a Onica. Na gaya mata komai tun tana budurwa, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bara ta haihu, 'ya mace. A asibiti ta haihu, ba ta nemi wankana ba, ban kuma yi tayi ba. Amma ta aiko a ɗauko ni suna, na je da sandata.

Ana gobe suna da yamma mijinta Talha ya zo bakin ƙofa ya gaishe ni. Ya ce ya yi niyyar mayar da sunan mahaifiyar Ramatu, in ya so a riƙa kiran yarinyar Ummi. Na ji daɗi har na fara sa masa albarka. Ramatu na zaune a bakin gado tana ba da nono, ba ta ɗago ba.

"A'a," ta ce. "Ka sa mata na taka mahaifiyar."

"Haba, don me?"

"Mutanen Ogui sun cika Onica. Ko a kasuwa jiya an ce wani kafinta ya yi wankan Shafa'atu. Ba zan ba 'yata sunan da ake zagin kafinta da shi ba."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ba ta kuma dubi inda nake ba. Talha ya ce to. Washegari da safe ina zaune a ɗaki jaririyar na kan cinyata, na ji maroƙi daga waje yana sanar da suna: Rabi'atu.